Sophie Germain, ɗiyar ɗan kasuwa da ta koya wa kanta lissafi

Yau za mu kawo muku tarihin wata mace Bafaransa mai suna Sophie Germain, ana faɗin sunan Sofi Jarman, wadda ta rasu tun shekarar 1831. Matar nan ba ta taɓa zama a ajin lissafi ba, ba ta kuma da takardar shaidar kowace makaranta, amma ta faro daga tarawa da ɗebewa a cikin ɗakinta har ta kai ga lissafin da ake koyarwa a jami'a, ta kuma ci wata gasa da manyan malaman Faransa suka ji tsoron shiga.

An haifi Sofi ranar 1 ga watan Afrilu na 1776 a birnin Paris, a wani gida da ke titin Saint-Denis, wanda titi ne na ƴan kasuwa. Mahaifinta Ambroise-François Germain attajiri ne mai sayar da siliki. Ɗiya uku gare shi, dukansu mata, Sofi ce ta tsakiya. Gida ne mai rufin asiri, har da ɗaki guda na littattafai, amma a zamanin ba wanda ke tunanin ɗiya mace za ta yi zurfi a karatu. In ta iya karatu da rubutu da lissafin cefane, to shi ke nan, sai jiran miji.

A shekarar 1789, tana da shekara 13, juyin juya hali ya ɓarke a Faransa. Talakawa suka tashi wa sarki, aka fasa gidan kurkukun Bastille, titunan Paris suka zama wurin tarzoma. Mahaifinta ma yana cikin wakilan jama'a da aka zaɓa zuwa babban taron ƙasa na wannan shekara. Da yake fita ta zama haɗari, sai aka tsare yarinyar a gida, zaman kaɗaici kuma ya tura ta ɗakin littattafan mahaifinta. A nan ta ci karo da littafin tarihin lissafi na wani malami Montucla, ta karanta labarin mutuwar Arkimidis, wani masanin lissafi Bagirke da ya rayu sama da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa. Labarin ya nuna ranar da sojojin Rum suka ci garinsu yana duƙe yana nazarin zane-zanensa na lissafi, wani soja ya yi masa magana bai kula ba, sojan ya fusata ya kashe shi. Sai yarinyar ta ga lalle abin da zai ɗauke wa mutum hankali har ya manta da takobi a kansa, ya kamata ta san ko mene ne.

Bari mu ɗan tsaya mu bayyana hawan da ta yi, don lissafi kamar tsani yake, kowane mataki yana bisa na ƙasa da shi.

Matakin farko ba wanda zai koya muku shi. Mai sayar da hatsi da ta auna tiya 3 a kan dala 120 kowace, aka miƙo mata jika 2, ba ta neman alƙalami kafin ta mayar da dala 40. Ta ninka, ta ɗebe, ta kuma juya jika zuwa dala duk a cikin ka, kafin mai saye ya gama ɗaure buhunsa. Wannan mataki Sofi ta bi shi daga tushe a cikin littafin wani malami Étienne Bézout.

Na biyu shi ne aljabra, wato neman adadin da ba a sani ba ta hanyar waɗanda aka sani. A ce an sayo turmi 5 na atamfa, an biya kuɗin mota jika 2, duka ya kama jika 42, to nawa kowane turmi ya kama? Ɗan kasuwa zai ce jika 8. Aljabra ita ce ta ba wannan dabara ƙa'ida, ta yadda za ta yi aiki ko da tambayar ta fi ƙarfin ka. Sunan ma daga Larabci ya fito, daga littafin Alkawarizmi na Bagadaza, wanda ya rubuta wajen shekarar 820. A gefenta akwai ilimin awo, na fili da kusurwa da da'ira, irin wanda magina da teloli ke taɓawa kullum.

Mataki na sama kuwa shi ne wanda za mu kira lissafin sauyi, wanda Newton na Ingila da Leibniz na Jamus suka fito da shi a shekarun 1600, yanzu kuma ake fara ɗanɗana shi a azuzuwan ƙarshe na lise, a zurfafa a jami'a. Ku ɗauki duro cike da ruwa mai famfo a gindi. Da an buɗe, ruwan zai fito da ƙarfi, yana raguwa ƙarfin na raguwa, har ya koma ɗiga. In aka ce minti nawa zai yi kafin ya ƙare, ninkawa kaɗai ba za ta ba da amsa ba, tun da gudun ruwan na yanzu ba shi ne na an jima ba. Dabarar ita ce a yayyanka lokacin gutsi-gutsi, ƙanana ƙwarai har ya zama a cikin kowane gutsure gudun bai sauya ba, a lissafa na kowane, sannan a tara su duka. Da wannan lissafi ake sanin tafiyar taurari da nauyin da gada za ta iya ɗauka. Sofi ta koye shi daga littafin wani malami Cousin, a shekarun 1793 da 1794, daidai lokacin da ake fille kawunan mutane a dandalin Paris, har da na sarkin kansa. Da ta ga littattafan Newton da na Euler da Latin aka rubuta su, sai ta zauna ta koya wa kanta Latin.

Iyayenta ba su so ba. A ganinsu wannan karatu bai dace da ɗiya mace ba, zai ma iya taɓa mata lafiya. Wani abokinta masanin lissafi ɗan Italiya mai suna Libri, wanda ya rubuta tarihinta bayan rasuwarta, ya ba da labarin yadda suka riƙa kashe mata wutar jin ɗumi da dare, su kwashe tufafinta da kyandir don dole ta kwanta. Ita kuwa sai ta jira gida ya yi tsit, ta fiddo kyandir ɗin da ta ɓoye, ta ƙudundune cikin bargo ta ci gaba, a cikin sanyin da har tawada ke daskarewa a kwalba. Da suka ga ba ta da niyyar bari, sai suka ƙyale ta. A nan sai mun yaba wa mahaifin, don bayan ya sauko bai tsaya rabi ba. Sofi ba ta yi aure ba, ba ta taɓa karɓar albashi ba, dukiyar gidansu ce ta riƙe ta har ƙarshen rayuwarta. Da ɗiyar talaka ce, mai yiwuwa da labarin ya tsaya a kan kyandir.

A 1794 aka buɗe babbar makarantar Polytechnique a Paris, inda aka tara manyan malaman lissafi na ƙasar. Sofi tana da shekara 18, daidai shekarun shiga, amma ba a ɗaukar mata. Sai dai makarantar tana raba darussanta a rubuce, ɗalibai kuma suna miƙa wa malamai aikinsu a rubuce. Sofi ta samo darussan, ta riƙa aika aikinta da sunan wani ɗalibi namiji mai suna Le Blanc. Malamin da ke dubawa shi ne Lagrange, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na duniya a lokacin, yana kuma cikin kwamitin da ya tsayar da mita da kilo da muke awo da su a kasuwa. Aikin ya burge shi har ya nemi ganin wannan Le Blanc, ya tarar budurwa ce. Bai yi fushi ba, ya ci gaba da ƙarfafa mata gwiwa, sunanta kuma ya fara zagayawa a tsakanin malaman birnin.

Amma kada mu ɗauka an buɗe mata ƙofa ke nan. Wannan ya ba ta littafi, wancan ya aiko mata da tambaya, wani ya zo ganin abin mamaki. Babu wanda ya zaunar da ita ya bi da ita darasi bayan darasi, ya ce ga inda kika tsallake, koma ki cike. Wannan giɓi zai dawo mata daga baya.

A 1801 wani matashi Bajamushe mai suna Gauss ya fitar da wani littafi mai wuyar gaske a kan sirrin lambobi, wanda ko a cikin malamai kaɗan ne suka fahimce shi. Sofi ta shafe shekaru tana binsa shafi-shafi, sannan a watan Nuwamba na 1804 ta rubuta wa Gauss wasiƙa tare da abin da ta gano, nan ma da sunan Le Blanc, don tsoron kada a raina aikin in an ji na mace ne. Gauss ya amsa, suka ci gaba da musayar wasiƙu. A 1806 sojojin Napoliyon suka mamaye Brunswick, garin da Gauss yake zaune. Sofi ta tuna da Arkimidis, hankalinta ya tashi, ta roƙi wani janar mai suna Pernety, abokin gidansu, ya sa a duba lafiyar malamin. Janar ya aika hafsa, aka tarar Gauss lafiya lau, aka ce masa wata Sofi Jarman ce ta Paris ta sa a zo. Ya rasa gane ko wace ce, don bai taɓa jin sunan ba. Dole ta rubuta masa ta fasa ƙwai. Amsar da ya ba ta a 1807 cike take da yabo, inda ya nuna ya san irin shingen da al'ada ke sa wa mace a wannan fage, ya kuma jinjina wa ƙarfin zuciyarta. Har suka bar duniya ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Bayan ya samu aikin nazarin taurari a jami'ar Göttingen ma, sai amsoshinsa suka ɗauke.

Yanzu ga babbar gasar. A 1808 wani Bajamushe mai suna Chladni ya zo Paris da wani abin al'ajabi. Sai ya ɗauki faranti shimfiɗaɗɗe na ƙarfe ko na gilashi, ya barbaɗa masa rairayi, ya goga bakinsa da izga kamar mai kiɗan goge. Farantin na rawa, sai rairayin ya tattaru ya yi zane mai kyau, layi-layi ko da'ira-da'ira, in an sauya wurin gugar kuma zanen ya sauya. Duk macen da ta taɓa bakace ta san in an kaɗa faifai tsaba takan gudu ta taru wuri guda. Haka rairayin ke gudu daga inda farantin ke motsi ya taru inda ba ya motsi. Tambayar ita ce, wace ƙa'idar lissafi ce za ta faɗi zanen tun kafin a goga? Napoliyon da kansa ya ga wasan, Majalisar Masana Kimiyya ta Paris kuma ta sa gasa a 1809, da kyautar lambar zinariya mai darajar faran 3000 na zamanin, wato kusan kilo guda na zinariya, kada a haɗa da sefa tamu. Abin ya wuce wasa da rairayi, don sanin yadda ƙarfe ke lanƙwasa da rawa shi ne tushen ginin gada da dogon bene.

Lagrange ya nuna cewa lissafin da ake da shi a lokacin bai isa ya warware matsalar ba, jin haka kuma sauran malamai suka ja da baya. Da wa'adi ya cika a 1811, takarda ɗaya tak aka samu, ta Sofi. Ba ta ci ba. Alƙalan sun tarar tunanin da ta ɗora aikin a kai yana da kyau, amma lissafin ya karkace a hanya. Matsalar tana bukatar wani reshe mai zurfi na lissafin sauyi, wanda ke zaɓo siffa guda daga cikin duk siffofin da abu zai iya ɗauka, kamar yadda igiyar shanya in an ɗaure bakinta biyu takan sauko ta yi lanƙwasa iri ɗaya kullum. Lagrange yana cikin waɗanda suka kafa wannan reshe, masu zama ajinsa suna iya tambayarsa in sun rikice, ita kuwa daga littafi ta tsinto shi ita kaɗai. Lagrange ya ɗauki tunaninta ya gyara lissafin, ya fito da ƙa'idar da ta dace, shi ya sa wasu littattafai ke kiran ƙa'idar da sunansu su biyu.

Aka ƙara wa'adin gasar. A 1813, shekarar da Lagrange ya rasu, ta sake aikawa, aka yaba mata a rubuce amma aka hana kyautar, don har yanzu da tangarɗa a hujjojin. A tsakanin nan wani malami Poisson, wanda ya shiga majalisar a 1812 ya kuma samu damar karanta takardunta, ya gabatar da nasa aikin a kan wannan batu a 1814 ba tare da ya ba ta haƙƙinta ba. Mu dai a ganinmu wannan ya fi kashe wutar jin ɗumi ciwo. Sofi ta sake zama, ta yi gwaje-gwaje da hannunta, ta aika karo na uku, wannan karon da sunanta na gaskiya. Ranar 8 ga watan Janairu na 1816 aka ba ta kyautar, ta zama mace ta farko da ta ci kyautar wannan majalisa. Jama'a sun taru don su gan ta, ba ta zo ba.

Ko a wannan karon alƙalan sun rubuta cewa hanyar da ta bi ba ta gama tsayuwa da ƙafafunta ba. Abin takaici, ba su zauna sun nuna mata gurbin da kyau ba, ga alama ladabin da ake yi wa mace ya hana su yi mata gyaran da za su yi wa ɗan'uwansu namiji. A 1821 ta buga aikin da kuɗinta, da sauran kurakuran a ciki. Sai a 1850 wani Bajamushe Kirchhoff ya kammala ƙa'idar farantin yadda ya kamata. Kuma duk da kyautar, ba ta da izinin zuwa zaman majalisar, don matan da ake bari su shiga su ne matan aure na membobi. Sai bayan wasu shekaru, da Fourier ya zama sakataren majalisar a 1822, ya samo mata takardar shiga.

Inda ta fi barin suna shi ne fagen lambobi. Magina sun san 3 da 4 da 5: 3 sau 3 a tara da 4 sau 4, wato 9 da 16, ya ba da 25, wanda shi ne 5 sau 5, da wannan suke daidaita kusurwar ɗaki. Wajen 1637 wani alƙali Bafaranshe mai suna Fermat ya rubuta a gefen littafi cewa in aka ninka kowace lamba da kanta har sau uku ko fiye, ba za a taɓa samun lambobi uku da suka dace haka ba, amma bai bar hujja ba. Malamai suka yi ta fama, suna tabbatar da maganar ɗaya bayan ɗaya, na sau uku daban, na sau huɗu daban. Sofi ce ta fara neman hanyar da za ta kama su da yawa a lokaci guda, kamar mai sayen sari a maimakon ɗai-ɗai, ta kuma bayyana wa Gauss shirin nata a wata wasiƙa ta 1819.

Dabarar ta dogara ga lambobin da ba su rabuwa. Goro 7 ba ya rabuwa daidai sai dai a ba mutum 7 ɗai-ɗai, haka 5 da 11 da 13. Sofi ta lura da waɗanda in an ninka su biyu aka ƙara 1, abin da ya fito shi ma ba ya rabuwa: 5 ta ba da 11, 11 ta ba da 23. Amma 7 ba ta ciki, don tana ba da 15, wadda ke rabuwa uku ko biyar. Irin waɗannan lambobi sunanta suke ɗauke da shi har yau, ana kuma amfani da manya-manyansu wajen kulle saƙonni a intanet. Da wannan hanya da faɗaɗa ta, ta toshe ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na matsalar Fermat ga duk lambobi marasa rabuwa daga 3 zuwa ƙasa da 100. Ba ta buga wannan aiki ba, abokin aikinta Legendre ne ya ambace ta a ƙasan shafi cikin wani rubutunsa na shekarun 1820. Matsalar gaba ɗaya ba ta warwaru ba sai a 1994, a hannun Andrew Wiles na Ingila. A shekarun 2000 wasu masu bincike suka koma kan takardunta da ke ajiye a Paris da Florence ta Italiya, suka tarar shirin nata ya fi abin da Legendre ya ambata faɗi nesa ba kusa ba.

A 1829 ciwon daji na nono ya kama ta. Ta ci gaba da rubutu cikin ciwo, har ta fitar da aiki a shekarar da za ta rasu. Ta cika ranar 27 ga watan Yuni na 1831 a gidanta da ke titin Savoie, tana da shekara 55, aka binne ta a maƙabartar Père-Lachaise. A takardar mutuwarta, wurin da ake rubuta sana'a, ma'aikacin ya sa ta a cikin masu cin kuɗin dukiyar da suka mallaka, bai ambaci lissafi ba. Da aka gina dogon hasumiyar ƙarfe ta Eiffel a 1889, an rubuta sunayen masana 72 a jikinta, har da Lagrange da Legendre da Poisson da Fourier, babu mace ko ɗaya.

Daga baya an sa sunanta ga wani titi da wata lise a Paris, majalisar da ta hana ta kujera kuma ta fara ba da kyautar lissafi da sunanta a 2003. Makarantar Polytechnique ba ta ɗauki mata ba sai a 1972, shekara 141 bayan rasuwar Sofi, a jarrabawar shiga ta wannan shekara kuwa wata budurwa mai suna Anne Chopinet ce ta zo ta ɗaya.